Yadda Ake Samun Gurbi a Jami'ar Zane da Ƙira a Landan, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yi ta zuwa mini daga masu karatu, kuma kusan bakinsu ɗaya. Wani tela ne a Kano, hannunsa ya faɗa, yana so ya karanci ƙirar tufafi a inda ake koyar da ita da gaske. Wata ta gama sakandare a Kaduna, dare da rana tana zane a waya, iyayenta sun yarda ta bi abin da ranta yake so. Wani kuma ya riga ya yi digiri a fannin zane a Zariya, na biyu yake nema. Duk abin da suke son sani shi ne: ta ina ake farawa, me ake nema, nawa ake kashewa?

Zan yi bayanin ne a kan University of the Arts London, wadda ake taƙaitawa UAL. Jami'a ce ta zane, ƙira, tufafi, hoto, fim, sadarwa da wasan dandali, kuma kwalejojinta shida suna warwatse a cikin birnin Landan. Matakan kusan ɗaya suke da na sauran makarantun fasaha na Birtaniya. Alƙaluman kuɗin da zan kawo na shekarar 2025 ne. Duk shekara suna motsawa, kuma sama suke yi, don haka kafin ka biya ko sisi ka sake duba su a shafin jami'ar da na gwamnatin Birtaniya.

Ƙofa biyu ce a gabanka, kowace da mai gadinta. Jami'a aikin hannunka take kallo. Ofishin biza kuwa asusun banki yake kallo, babu ruwansa da iya zanenka. Karatu yana farawa a ƙarshen Satumba, saboda haka shiri na gaske sai ya soma shekara guda cur kafin nan.

1. Lissafin kuɗi, tun kafin komai

Na sa wannan a farko da gangan, domin babu abin da ya kai ciwo irin mutum ya samu gurbi sannan ya gane gidansu ba za su iya ba.

Kuɗin makaranta na digirin farko ga ɗalibin ƙasar waje ya kai kusan fam 30,000 a shekara. Kuɗin zama da ofishin biza yake so ya gani ga ɗalibin Landan fam 1,529 ne a wata, na wata tara, wato fam 13,761, tun daga Nuwamban 2025. Kuɗin biza fam 524. Kuɗin kiwon lafiya fam 776 ne a shekara, amma a dunƙule ake biyansa tun farko, na duk tsawon bizar, wanda ga kwas na shekara uku yakan kai kusan fam 2,700. Idan ka tara, shekarar farko kaɗai ta tasar wa fam 47,000. A 2025 fam ɗaya ya yi ta wasa a kusa da Naira 2,000, ka ga ana maganar sama da Naira miliyan 90 ke nan, ban da tikitin jirgi, jarrabawar Turanci, kayan sanyi da kayan aiki.

Idan wannan ya fi ƙarfin gida, kada a sayar da gona ko fili a kan shekarar farko alhali saura biyu. Shawarata ita ce a yi digirin farko a gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zane da sashen ƙirar masana'antu, inda ake koyar da yadi, tukwane da zanen talla. Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas ma tana da tsohuwar makarantar zane. Daga nan sai a nemi digiri na biyu da tallafin karatu irin su Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke biyan kuɗin makaranta, zama da jirgi, amma yana neman gogewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida.

Hattara: Chevening kwas na wata tara zuwa goma sha biyu yake ɗauka. Kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa a UAL sun fi haka tsawo, wasu wata goma sha biyar, wasu shekara biyu. Duba tsawon kwas ɗin kafin ka ɗora burinka a kansa. Haka kuma tun Janairun 2024, ɗalibin digirin farko ko na biyu na aji ba ya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya a kan bizarsa, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Mai iyali ya zauna da iyalinsa a yi wannan maganar tun yanzu.

2. Zaɓi kwas, sannan kwaleji

Mutane da yawa suna cewa "Central Saint Martins nake so" don sunan ya yi tashe, ba tare da sanin me za su karanta ba. Fara da abin da hannunka yake yi, sannan ka ga wace kwaleji ce gidansa.

Central Saint Martins tana King's Cross, ta yi suna a ƙirar tufafi, kayan ado, tukwane da ƙirar kayan amfani, kuma gasar shigarta ta fi zafi. London College of Fashion ta koma sabon gini a Stratford a 2023. Nan ne gidan yanka, ɗinkin kwat, takalma da jakunkuna, don haka tela ko baduku ya fara leƙa can. London College of Communication tana Elephant and Castle, ita ce ta zanen talla, hoto, fim da zane mai motsi. Chelsea tana gab da gidan zane na Tate Britain, tana da yadi da ƙirar cikin gida. Camberwell ta yi fice a zanen littattafai, fenti da sassaƙa. Wimbledon kuma ta dandali ce, da kayan 'yan wasa.

Buɗe shafin kowane kwas ka kalli ayyukan ɗaliban da suka gama bara. Idan ka kalla ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, to ka samu wurinka. Idan ba ka gane abin da suke yi ba sam, kada ka tilasta wa kanka.

Akwai wata magana da ya kamata a faɗe ta a fili. A wasu kwasa-kwasan, musamman fenti, sassaƙa, zanen littattafai da tufafi, ana yin darasin zana jikin mutum, wani lokaci wanda ake zanawa ba ya sanye da kaya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan ba, ko da zanen mai rai gaba ɗaya, ya rubuta wa shugaban kwas ɗin ya tambaya ko darasin dole ne, tun kafin ya nema. Tambaya ce da suka saba ji. Kuma fagen yana da faɗi: yadi, zanen haruffa, ƙirar kayan gida, tukwane, kayan ado, duk ana iya yin nisa a cikinsu.

3. Daidaita takardun shaida

Sakamakon WAEC ko NECO shi kaɗai yawanci ba ya kai mutum aji ɗaya na digiri a Birtaniya. Sai an yi shekarar share fage, wadda a UAL ake kira Foundation Diploma in Art and Design, ko a kawo difloma, ko shaidar shekarar farko ta jami'a. Shekarar share fage ƙarin shekara ce da ƙarin kuɗi, ka sa ta a lissafin mataki na ɗaya.

Yanzu shimfiɗa takardunka a tabarma ka karanta su harafi-harafi: fasfo, takardar haihuwa, WAEC, NIN, takardar banki. A wajenmu abu ne da aka saba mutum ya zama Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata takardar, ko ranar haihuwa ta bambanta. A can wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gyaran suna yana cin watanni, don haka a fara shi yau. Sunan da ke fasfo shi za ka riƙa rubutawa ko'ina.

4. Haɗa kundin ayyuka

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne namu suka fi faɗuwa, ba don rashin baiwa ba, sai don rashin sanin abin da ake nema.

Kundin ayyuka, wanda ake kira fotfoliyo, tarin shafuka ne da ke nuna aikinka. Kowane kwas yana faɗin iyakar shafukan da yake so, yawanci tsakanin 20 da 30. Malaman da ke dubawa ba kyawun aiki kaɗai suke nema ba. So suke su ga yadda kake tunani: me ya ja hankalinka, me ka bincika, me ka gwada, me ya lalace, yaya ka gyara. Shafi 25 na hotunan sarakuna da 'yan fim da aka kwafa da fensir daga waya, ko da kamar su yi magana, ba sa nuna wannan. Haka tarin katin biki da tambarin shaguna. Suna nuna hannu, ba sa nuna kai.

Ga yadda aiki ɗaya zai kasance idan an yi shi daidai. A ce yarinya tana neman kwas ɗin yadi, ta ɗauki rini. Shafin farko zanen da ta yi da hannunta ne a marinar Ƙofar Mata: bakin rijiyar rini, sandar motsawa, hannun marini da ya rine har gwiwar hannu. Shafi na biyu ƙyallaye goma ƙanana, kowane an ɗaure shi da salo daban kafin a tsoma, wani da zare, wani da tsakuwa a ciki, wani an naɗe shi. A gefen kowane ta rubuta sau nawa aka tsoma, minti nawa ya sha iska. Shafi na uku wanda ya ɓaci, shunin ya shiga inda ba a so, da layi biyu na abin da ta gane daga ɓacin. Shafi na huɗu bambancin yadin kafin bugu da bayan ya fito daga mabuga yana ƙyalli. Sai a shafi na biyar a ga abin da ta ƙera da shi, wataƙila labule, wataƙila riga mai yankan da ba a saba gani ba. Ayyuka huɗu ko biyar irin wannan sun isa kundi.

Tela ya yi haka da nasa: zanen farko, yankan takarda, gwajin da ya ɗinka da akoko aka ga kafaɗa ta zauna ko ba ta zauna ba, gyaran da ya yi, sannan rigar. Baduku ya nuna fatar tun daga jima, gwajin launi, ɗinkin da ya tsinke.

Muna zaune a kan arzikin da ɗalibin Landan sai ya je gidan tarihi yake ganinsa a bayan gilashi: aska takwas a babbar riga, zanen bangon gidajen Zariya, zayyanar allo, sassaƙar ƙwarya, saƙar faifai, lalle. Amma hattara: manna dagin Arewa a kan kowane shafi ba bincike ba ne. Tambayar da za a yi maka ita ce, kai me ka yi da shi? Ka warware shi, ka sauya girmansa, ka gwada shi a ƙarfe ko a haruffa, ka tambayi tsohon magini dalilin da ya sa ake yinsa haka?

Sayi littafin zane mai farar takarda ka riƙa yawo da shi. Zana abin da ke gabanka da ido, ba daga hoto ba: buta, adaidaita sahu a cunkoso, mai shayi da tukunyarsa, ninkin mayafi a kan kujera. Shafuka uku ko huɗu na wannan littafin su shiga kundin, da gogewarsu da dattinsu.

Wajen ɗaukar hoton aikin, waya mai kyau ta isa. Goge gilashin kyamarar. Shimfiɗa farin kwali a inuwa da hantsi, inda haske yake ko'ina amma rana ba ta dukan aikin kai tsaye. Kashe fitilar waya, kada ka sa wani tace launi. Tsaya daidai saman aikin don kada ya karkace. Abu mai jiki, kamar jaka ko tukunya, a ɗauke shi ta fuska uku, da hoto ɗaya na kusa da ke nuna ɗinki ko laushin jikinsa. A ƙarƙashin kowane ka rubuta suna, kayan da aka yi da shi, girma da shekara, a taƙaice. Aikinka mafi ƙarfi shi ne a shafin farko.

Hattara: idan wani ne ya yi surfanin, ko ya ɗinka, ko ya ɗauki hoton, rubuta haka, ka faɗi naka kason. Wannan ba ya rage maka daraja. Abin da ke kashe neman gurbi shi ne a kama aikin wani ko hoton da manhajar ƙirƙira ta haɗa an ce na hannu ne. A hira za a tambaye ka yadda ka yi shi, kuma malamin da ya shekara ashirin yana duba kundi ba ya ɓata minti biyu kafin ya gane.

Ba wa wannan mataki wata huɗu zuwa shida. Ba a haɗa shi a mako guda.

5. Jarrabawar Turanci

Yawancin kwasa-kwasan digirin farko suna neman IELTS maki 6.0, kada kowane sashe ya gaza 5.5. Digiri na biyu yawanci 6.5. Sakamakon shekara biyu yake aiki. Rubutu ne sashen da ya fi kayar da mutane, a nan za ka fi ba da ƙarfi.

Hattara: mai zuwa shekarar share fage dole ya yi nau'in da ake kira IELTS for UKVI, ba na gama-gari ba. Tambayoyin iri ɗaya ne, takardar ce daban, kuma ba kowace cibiya ke yinsa ba. Tabbatar kafin ka biya.

6. Cike neman gurbi

Digirin farko ta shafin UCAS ake nema, wato hukumar da ke karɓar takardun neman gurbi a jami'o'in Birtaniya. Kana da zaɓi biyar, a 2025 kuɗin bai kai fam 30 ba, kuma wa'adin da ake duba kowa daidai wa daida yana cikin Janairu. Kada ka zuba duka biyar a kwasa-kwasan da suka fi zafi. Haɗa da wata jami'ar a wajen Landan, inda haya ta fi sauƙi. Share fage da digiri na biyu kuwa kai tsaye ake nemansu a shafin jami'ar.

Akwai bayanin kai, wanda bai wuce harafi 4,000 ba, yanzu an raba shi tambaya uku: me ya sa kake son kwas ɗin, yaya karatunka ya shirya ka, me ka yi a wajen makaranta. Bar zancen "tun ina yaro nake son zane", kowa haka yake rubutawa. Faɗi shagon da ka koyi aiki, shekara nawa, me ka iya, wane mai zane ne aikinsa ya tsaya maka a rai kuma don me. Za a nemi wasiƙar malami. Sanar da shi da wuri.

Bayan ka aika, jami'a za ta turo saƙo ta nemi ka ɗora kundin a intanet, da 'yan kwanaki ƙalilan. Duba imel ɗinka kullum, har da akwatin tarkace. Kada ka bari sai daren ƙarshe, wuta da sabis ba su da alkawari.

Hattara da eja. Ba dole ba ne ka bi ta hannun kowa. In za ka bi, duba sunansa a jerin wakilan da jami'ar ta amince da su a shafinta. Imel da lambar sirri su kasance a hannunka. Duk wanda ya ce zai "haɗa maka" kundi ko takardar banki, ka guje shi. Takardar bogi tana jawo haramcin shiga Birtaniya har shekara goma.

7. Bidiyo da hira

Kwasa-kwasai da yawa suna neman gajeren bidiyo na minti biyu zuwa uku, kana magana a kan aiki ɗaya. Zauna a wuri mai haske, riƙe aikin a hannu, yi magana kamar kana yi wa abokinka bayani. Kada ka karanta daga takarda. Idan an kira ka hira ta intanet, tanadi caji, layi biyu na data, da littafin zanenka a gefe. In an tambaye ka aikin da bai yi ba, kada ka kare kanka, faɗi abin da za ka sauya.

8. Tayin gurbi da CAS

Tayi iri biyu ne: mai sharaɗi, wato saura ka kawo wani abu kamar sakamakon Turanci, da marar sharaɗi. Bayan ka cika sharuɗɗa ka karɓa, za a nemi kafin alƙalami daga kuɗin makaranta, sannan a ba ka CAS, lambar da ke tabbatar wa ofishin biza cewa jami'a ta ɗauke ka. Wata shida take aiki, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Karanta ta da kyau: suna, lambar fasfo, kuɗin da ka riga ka biya. Kuɗin makaranta a asusun jami'a kaɗai ake zuba shi, ta hanyar da ta bayyana. Mai bi ta Form A a banki, wato takardar neman canjin kuɗin waje, ya fara da wuri, yakan ja lokaci. Karanta sharaɗin mayar da kafin alƙalamin idan biza ba ta fito ba.

9. Kwana 28 da biza

Kuɗin da za ka nuna shi ne ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko kamar yadda yake a CAS, da fam 13,761 na zama. Dole su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ko na yini ɗaya ba, kuma ranar ƙarshe ta takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka cike neman biza.

Hattara, a nan ake yawan asara. Asusun ɗalibi ake karɓa, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda doka ta ba riƙonsa, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewa. Asusun kawu, baffa, yaya ko ubangida ba ya shiga, ko da shi ya raine ka tun kana goye. In shi ne zai biya, ya zuba kuɗin a asusunka tukuna, sannan a fara ƙirga kwanakin, a kuma ajiye shaidar inda kuɗin suka fito. Asusun kamfani ma ba ya yi. Sannan tunda da Naira aka ajiye, kuma da canjin ranar da ka nema za a lissafa, ɗora ƙari mai kauri a kai. Naira tana iya zamewa a cikin kwana 28 ɗin nan, kuɗin da suka isa jiya su gaza yau.

Mai nema daga Najeriya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, kamar na hukumar IOM a Abuja da Legas. Takardar wata shida take aiki, ta wani asibitin daban kuma ba a karɓa. Ana iya neman biza tun saura wata shida a fara karatu, amsa yawanci mako uku bayan ɗaukar hoton yatsu, amma Yuli da Agusta cunkoso ne. Ana iya kiran ka hira a tambaye ka me ya sa wannan kwas, me ya sa wannan jami'a, wa zai biya. Amsar tana cikin kundinka, ka san shi. Kada ka sayi tikiti sai biza ta fito.

10. Masauki da kayan tafiya

Shekarar farko ka nemi ɗakin kwanan jami'a da zarar an buɗe nema, domin yana ƙarewa da wuri. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a Landan yana kaiwa kusan fam 1,000 a wata. Kafin ka zaɓa, duba nisan wurin da kwalejinka, ba da "UAL" ba. Daga Wimbledon zuwa Stratford tafiya ce ta kusan awa guda, kuma ɗalibin zane da kaya yake yawo, wani lokaci kwali mai tsawon mutum.

Hattara: kada ka tura wa kowa kuɗin ɗakin da ba ka gani ba, ko wani amintacce bai gani ba. A doka, kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na mako biyar. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, karɓi takardar shaida daga jami'a.

A jaka ka sa littattafan zanenka na asali, almakashinka, da yadin gida, shuni, zare da fatar da aka jeme, domin can tsada suke ko ma babu. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, an hana shiga da nama. Rigar sanyi mai kauri a can za ka saya.

11. Makonnin farko

Yi rajista da likitan unguwa, buɗe asusun banki, nemi katin shiga bas da jirgin ƙasa, Oyster, na ɗalibai mai rage kashi 30 a tikitin mako ko wata. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi.

Abu mafi muhimmanci shi ne horon shiga ɗakunan aiki. Ba a barin ka taɓa injin buga yadi, murhun gasa tukwane, injin yanka da haske ko na katako sai ka yi horon kowane. Yi su duka a wata na farko, ko ba ka bukata yanzu, domin idan wa'adin miƙa aiki ya matso, layi ba ya motsi. Ma'aikatan da ke kula da injinan nan ka girmama su, ka san sunayensu. Rabin abin da za ka koya a hannunsu yake, kuma kuɗin da ka biya, a gaskiya, na waɗannan ɗakunan ne.

Karatun zai ba ka mamaki. Babu malami a allo daga safe zuwa yamma. Takardar aiki za a ba ka, a ce nan da mako shida a gani. Sai kuma zaman sukar aiki, inda za ka kafa aikinka a bango, malami da 'yan aji su yi ta tambaya. Mu da aka raina da kunyar musu da malami, wannan yana da nauyi da farko. Amma shiru a can ba ladabi ake ɗaukarsa ba, rashin shiri ake ɗaukarsa. Yi magana, kuma rubuta abin da aka faɗa maka. Kayan aiki da bugu daga aljihunka ne, ware musu kuɗi duk wata, ka riƙa leƙa kwandon ragowar kaya na ɗakin aiki kafin ka je shago.

Birnin kansa aji ne. Shiga gidajen zane da tarihi irin su Tate Modern, V&A, British Museum da National Gallery kyauta ne. A V&A akwai tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan Naira 20. Je da fensir.

Ga sallah, tambayi ɗakin ibada na kwalejinka ranar farko. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar, la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin lokacin aji, sai ka tsara. Akwai babban masallaci a Whitechapel da Regent's Park, kayan miyar gida kuma a Peckham. Hattara da fashin aji: jami'a tana ƙirga halarta, kuma bizarka a kanta take rataye.

12. Aiki a gefe, da bayan gamawa

Ɗalibin digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu, na share fage awa 10. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Lissafa: awa 20 bai wuce fam 245 a mako ba, kuɗin ɗaki ke nan da ƙyar. Duk wanda ya ce maka da aiki za ka biya kuɗin makaranta bai faɗa maka gaskiya ba.

Hattara, wannan ya shafi masu sana'ar hannu fiye da kowa: bizar ɗalibi ta hana aikin kai. Ɗinka wa mutane kaya a biya ka, sayar da zane a Instagram ko Etsy, yin lalle a gidan biki, zana wa wani tambari, duk aikin kai ne a idon doka, ko da kuɗin kaɗan ne. Aikin da aka yarda shi ne wanda wani ya ɗauke ka yana biyan ka albashi a rubuce. In an yi maka tayin sayen aikinka, je ofishin ba ɗaliban waje shawara kafin ka amsa.

Shekarar ƙarshe ita ta fi cin kuɗi, saboda babban aikin gamawa da baje kolin da ake yi a farkon bazararsu, wajen Yuni, inda masu ɗaukar ma'aikata ke zuwa kallo. Fara tara masa tun aji biyu. Bayan sakamako ya fito akwai bizar masu gamawa, wadda ke ba da damar aiki har da na kai. A 2025 shekara biyu ce, amma gwamnatin Birtaniya ta sanar za ta koma wata 18 ga masu nema daga 1 ga Janairun 2027. Daga cikin ƙasar ake nemanta, kuma dole kafin bizar ɗalibi ta ƙare.